Yadda Ake Harhaɗa Sarƙar Ƙaramar Tankar Yaƙi da Gyara Ɓarnar Gam

A duk aikin haɗa ƙaramar tankar yaƙi ta roba, irin wadda ke zuwa gutsi-gutsi a cikin kwali, babu abin da ya kai sarƙa, wato wadda ke naɗe da tayoyi tankar ke tafiya a kanta, cin rai. Gangar jikin tanka manyan ɓangarori ne, ka haɗa wannan da wancan ka wuce. Sarƙa kuwa ƙananan gaɓoɓi ne masu kama da juna, wani lokaci kusan 200, kuma ɗan kuskuren da ido ba ya gani a gaɓa ɗaya shi ne ke taruwa ya zama giɓi a ƙarshen layi. A ma'aunin 1/35, wanda ya fi yaɗuwa a tankoki, milimita 1 a kan tebur daidai yake da milimita 35 a jikin tankar gaske. Sarƙar Tiger I, wata tankar Jamus, mai faɗin milimita 725 ba ta wuce milimita 21 a hannunka ba, don haka ɗigon gam guda ya isa ya shafe zanen gaɓa sukutum.

Ka san gam ɗinka tukuna

Yawancin ɓarna daga rashin fahimtar gam take farawa. Gam ɗin roba, irin su Tamiya Extra Thin ko Mr. Cement S ko Revell Contacta, ba manne abu yake yi kamar gam ɗin takarda ba. Narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su cakuɗe, idan ruwan ya bushe su zama abu ɗaya. Abu uku ke biyo bayan wannan. Duk inda ya taɓa ya yi laushi, ko da ba nan ka nufa ba. Ba ya kama fenti ko ƙarfe ko roba mai laushi. Kuma tsakanin sa shi da ƙamewarsa akwai ɗan lokaci da haɗin ya riƙe amma yana lanƙwasuwa. A wannan ɗan tsakanin ake yin aikin sarƙa gaba ɗaya.

Mai ruwa-ruwan ba a shafa shi kafin a haɗa. Sai an haɗa gaɓoɓin sannan a taɓa bakin buroshi a mahaɗar, shi da kansa zai tsotsu ya bi tsagar. Ka guji mai saurin bushewa a aikin sarƙa, don kafin ka kai ƙarshen layi farkonsa ya ƙame. Sufa gulu kuma na sarƙar ƙarfe ne da ta rezin (wata irin roba mai tauri da gam ɗin roba ba ya narkarwa) da roba mai laushi. Shi ba ya narkar da komai, ɓawo yake yi a tsakani, kuma ba ya ba ka lokacin gyara.

Kayan aiki ba su da yawa: abin yankan roba mai kaifin baki, wuƙar sana'a da sabuwar reza, hantsaki, sanfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, rula ta ƙarfe, salatif na takarda, tsinken sakace, guntayen soso, da ɗan buroshi siriri. Ka buɗe taga, warin gam ɗin nan ba abin shaƙa ba ne, kuma yana kama wuta.

Dubi tankar gaske kafin ka buɗe kwalba

Ba kowace sarƙa ce ke saki ba. T-34 ta Tarayyar Soviet da Tiger ba su da ƙananan tayoyin sama, saboda haka sarƙarsu tana sauka ta kwanta a kan manyan tayoyin ƙasa. Panzer IV ta Jamus tana da ƙananan tayoyin sama, sarƙar na yin ɗan ciki a tsakaninsu. Sherman ta Amurka kuwa sarƙarta a ɗaure take tamau, wanda ya yi mata ciki ya nuna bai duba hoto ba. Haka taya mai haƙora, wadda ke jan sarƙar: a gaba take a yawancin tankokin Jamus na yaƙin duniya na biyu da Sherman, a baya take a T-34.

Yawan gaɓoɓi a tankar gaske sananne ne: 96 a kowane gefe na Tiger I, 99 a Panzer IV, 79 a yawancin Sherman, 83 a Sherman M4A4 mai dogon jiki, 72 a T-34-85. Amma kada ka rantse da waɗannan alƙaluma, ko ma da wanda takardar umarni ta rubuta. Yadda ka matse gaɓoɓin da inda ka tsayar da tayar da ke ɗaure sarƙa na iya ƙara gaɓa ɗaya ko biyu ko su rage. T-34 tana da wata matsala tata: gaɓa mai ƙaho (ɗan tsinin da ke shiga tsakanin tayoyi) ce ke bin marar ƙaho, ɗaya bayan ɗaya, don haka bibbiyu ake ƙarawa ko cirewa.

Sai alkibla. Gaɓa tana da gaba da baya, wasu kwalayen ma suna raba na hagu da na dama. Ka duba zanen umarni da hoton tankar ta gaba, ka zana kibiya a kan salatif ɗin da za ka jera su, ka rubuta hagu ko dama. Abin dariya ne har sai ranar da ka gama gefe guda a juye.

Sarƙa mai gaɓa ɗaiɗai

Ita ce ta fi kyau, ita ce kuma ta fi wahala.

Fara da yanke gaɓoɓin daga firam ɗinsu. Kada ka kafa abin yanka a jikin gaɓar, bar ɗan kututture kamar rabin milimita, sannan ka share shi da wuƙa ka bi da sanfefa 600. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne bakin da ke shiga cikin ɗan'uwansa. Kututture ko kaɗan ya rage a nan, gaɓar ba za ta zauna ba, layin zai riƙa karkata gefe guda kamar wutsiyar kunama. Fuskar ciki kan zo da wasu 'yan zagaye da injin zubi ya bari. Ba sai ka goge na duka ba. Ware waɗanda za su fito fili, wato na saman layi da na kewayen tayoyin gaba da baya, ka gyara su. Waɗanda tayoyi za su danne ka bar su yadda suke. Wasu sarƙoƙin Sherman kowace gaɓa gida uku ce, faranti da maɗauri biyu, ka ga 474 ke nan a tanka guda, sai a raba aikin kwana biyu ko uku.

Kafin gam, shirya tayoyin. Tayoyin ƙasa su hau sandunansu su daidaita a layi ɗaya. Ɗora rula a gefensu ka gani, ka kuma ajiye tankar a kan gilashi ka tabbatar duk sun taɓa ƙasa. Taya mai haƙora kada a manne ta, tana bukatar juyawa don haƙoranta su sami ramukan gaɓoɓin. Tayar ɗaya ƙarshen, wadda ke ɗaure sarƙa, ita ma a bar hannunta sake. A tankar gaske da ita ake tsuke sarƙa ko a sassauta, a ƙaramar ma aikinta ke nan, kuma ita za ta cece ka idan lissafi ya ƙi. Ɗan ƙullin danƙon manna takarda a bango ya isa ya riƙe su na wucin gadi.

Yanzu gwaji. Ɗauki gaɓoɓi 5 daga rarar da ke cikin kwali, ka haɗa, ka sa gam, ka duba agogo. Bayan minti 10 ka lanƙwasa su a kan yatsa. Idan sun rabu, da saura. Ka sake a minti 20, a minti 30. Lokacin da suka lanƙwasu ba su rabu ba, shi ne lokacinka. Galibi yana faɗawa tsakanin minti 20 da 40, amma zafin ɗaki da yawan gam suna sauya shi, shi ya sa gwajin ya fi duk abin da wani zai gaya maka.

Shimfiɗa salatif a kan katako, gefen danƙon yana kallon sama, ka danne bakinsa biyu da wasu guntaye. Idan danƙon ya yi ƙarfi, manna shi a tafin hannu sau biyu ya rage. Kafa rula a gefensa ta zama bango. Jera gaɓoɓin fuskar waje a ƙasa, ƙahoni a sama, kowace ta jingina da rular. Tura su su shiga juna, amma kada ka matse. Idan gam ya sa robar ta yi laushi, matsi kaɗan sai gaɓa ta nutse cikin 'yar'uwarta, layin ya gajarce. Ko ba matsi ma yakan ɗan tsuke yayin bushewa.

Layin ƙasa ake fara yi, daga ƙarƙashin tayar farko zuwa ta ƙarshe. Shi miƙaƙƙe ne, ka sa gam, ka ɗora rula a kansa da ɗan nauyi, ka bar shi ya kwana. Wajen sa gam, goge buroshin a bakin kwalba har sai ya daina ɗiga, ka taɓa kowace mahaɗa sau ɗaya. Za ka ga wani siririn haske ya ruga cikin tsagar ya ɓace. Ya isa haka. Idan ka ga ruwa ya kwanta a fuskar gaɓa, ya yi yawa. Wani abu kuma: gam na bin ƙarƙashin salatif ya bazu, ya bar sawun danƙo a fuskar waje. Ƙarancinsa ne maganin wannan.

Washegari sai babban layin, wanda zai taso daga ƙasa ya zagaye taya mai haƙora, ya bi ta sama, ya sauko ta ɗaya tayar. Idan ka ga ya yi maka tsawo, raba shi biyu su haɗu a tsakiyar sama. Jera, sa gam daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, jira lokacin da gwaji ya nuna. Zura reza a ƙarƙashi ka ɗago shi a hankali. Fara daga taya mai haƙora, ka zaunar da gaɓoɓin a kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya, don nan ne kawai babu sassauci. Daga nan ka ja sauran ta sama, ka naɗe ɗaya tayar, ka sauko ka tarar da layin ƙasa. Idan akwai giɓi ko rara, matsa hannun tayar ɗaure sarƙa gaba ko baya har bakin biyu su haɗu, sannan ka ɗiga masa gam.

Sai ciki. Cusa guntayen soso ko nannaɗaɗɗiyar takarda mai laushi tsakanin madigadi da sarƙar, a daidai inda kake so ta sauka. A yi a hankali a nan, don cikin milimita 2 a ma'aunin nan daidai yake da santimita 7 a tankar gaske. Mutane da yawa sukan zarce, sarƙar ta fito kamar igiyar shanya, alhali tankar da sarƙarta ta saki haka ba za ta yi nisa ba za ta zubar da ita. Leƙa ta gaba da ta baya ka tabbatar ƙahonin suna tsakiyar tayoyi kuma sarƙar ba ta kwanta gefe ba. Bar ta a jikin tankar awa 24. Idan kana so ka cire don fenti, kada ka manne mahaɗun biyu na ƙasa, kuma ka kula gam bai taɓa tayoyin ba. Za ta fita tare da taya mai haƙora kamar takalmi.

Sauran ire-iren

Akwai mai zuwa da dogayen layuka a haɗe, da gaɓoɓi ɗaiɗai na wurin lanƙwasa kawai. Dokarta ɗaya: fara daga taya mai haƙora, ka bi lambobin umarni daki-daki, ka gama gefe guda a zama ɗaya tun gam bai ƙame ba.

Ta roba mai laushi, mai kama da bel, gam ɗin roba ba ya kama yawancinta, sai irin wadda kamfani ya ce ana mannawa, kamar DS ta Dragon. Ana zura 'yan ƙusoshinta a ramuka a narkar da kansu da bakin sukudireba mai zafi, ko a ɗinke da baƙin zare, a ɓoye mahaɗar ƙarƙashin taya. Idan ta zo a murɗe, tsoma ta a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ka miƙar, ka danne har ta huce. Kada ka ja ta da ƙarfi wajen sawa, tana karya sandar taya. Fentin mai kuma ba ya bushewa a kanta, yakan zauna yana danƙo, sai a yi amfani da na ruwa.

Ta ƙarfe, irin ta kamfanin Friulmodel, da waya ake haɗa ta. Bi kowane rami da abin huda na hannu mai kaurin milimita 0.5 ko ƙasa kaɗan, zura wayar, yanke, ka sa ɗigon sufa gulu da bakin tsinke a kan wayar kawai. Nauyinta ke ba ta ciki, ba ruwanka da soso. Idan za ka tsoma ta a ruwan da ke baƙanta ƙarfe, wanke maiƙonta tukuna, kuma ka sani duk inda gulu ya taɓa zai fito fari fat.

Idan gam ya yi ɓarna

Gam ya zuba a fuskar gaɓa ko jikin tanka. Hannu zai so ya kai ya goge. Kada ka goge. Robar da ke ƙarƙashin ruwan ta zama kamar man shanu, yatsa ko tsumma zai kwashe zanen ya bar rami. Idan ka ƙyale shi, mai ruwa-ruwan zai bushe ya bar ɗan ƙyalli kawai, wanda fentin farko zai rufe. Idan tafki ya yi, taɓa gefensa da kusurwar takarda ta tsotse, ba tare da ta goga ba.

Idan aikin gama ya riga ya gama, sawun yatsa ya fito, jira awa 24. Robar da ba ta ƙame ba ba ta gogu, dunƙulewa take yi a kan sanfefa. Bayan ta ƙame, bi da 400, sai 600, sai 1000 da ɗan ruwa. Ramin da ya rage a cike shi da foti, ko da narkakkiyar roba: yayyanka guntayen firam a kwalbar gam da ta kusa ƙarewa, su kwana, za ka samu abin ciko mai kauri wanda yake roba ɗaya da tankar. Siriri-siriri ake sa shi, don mai kauri yakan ɗauki kwanaki kuma yana cin abin da ke ƙarƙashinsa. A kan gaɓar sarƙa kuwa, sau da yawa gyara ɓata lokaci ne. Cire ta ka sa wata, ko ka juya layin ta koma ƙarƙashin taya, ko ka rufe ta da taɓon da za ka yi wa tankar daga baya.

Gaɓa ta shiga a karkace ko a juye. In ba a fi awa ɗaya ko biyu ba, sake taɓa mahaɗar da gam mai ruwa, jira kamar rabin minti, ka murɗa a hankali da hantsaki, za ta saki. In ta kwana, haɗin ya zama roba ɗaya, jan sa zai karya maƙwabta. A nan sai ka sadaukar da ita: yanke ta ta tsakiya, ka sassaƙe ragowarta daga bakin na kusa da ita da reza, ka zura sabuwa.

Layi ya bushe ya gajarce da rabin gaɓa, tayar ɗaure sarƙa kuma an riga an manne. Hanya biyu ce. Ta farko, raba giɓin. Gaɓar Tiger a wannan ma'auni ba ta kai milimita 4 ba, rabinta kusan 2 ke nan. Jiƙa mahaɗai 10 na saman layi da gam, ka ɗan buɗa kowace da kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Babu idon da zai kama wannan. Ta biyu, yanke hannun tayar daga jiki, huda rami na milimita 1 a ɓangarorin biyu, sa guntuwar wayar tagulla, ka mayar da shi inda sarƙar ke so. Abin da ba a yi shi ne jan busasshen layi da ƙarfi don ya kai, zai tsinke a wuri mafi muni.

Layi ya ƙame kafin ka naɗa shi. Bi mahaɗan wurin lanƙwasar kawai da gam, jira minti 5, ka gwada. Kada ka kai shi kusa da wuta ko na'urar busar da gashi, ƙahonin ne za su fara lanƙwashewa. Ƙahon da ya karye kuma a yanko na rarar gaɓa a dasa.

A sarƙa mai motsi, wadda ake haɗawa da 'yan ƙusoshin roba, gam kan zarce ya kashe mahaɗa. Kada ka tilasta mata. Tara matattun a layin ƙasa, inda ba a bukatar motsi.

Sufa gulu nasa daban ne. Danye ne, tsotse shi da takarda, ban da auduga, don yana zafi idan ya haɗu da ita har ya ƙona fata. Busasshe ne, kankare shi da reza tun a awannin farko, don yana ƙara tauri har ya fi robar da ke kewaye da shi, sanfefa ta cinye robar ta bar shi tsaye. Haɗin da kake so ka raba, sa shi a firiza kamar awa ɗaya, sanyi na sa gulun ya yi gautsi, murɗa kaɗan sai ya ɓalle. Asiton, wanda ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, yana narkar da shi, amma yana cin robar tanka ma, saboda haka gaɓoɓin ƙarfe kaɗai ake jiƙawa a ciki. Ruwan sakin gulu na kanti ma a gwada shi a guntun firam tukuna. Farin hazon da kan fito kewaye da haɗin tururin gulun ne ya sauka a kan danshi ko maiƙon yatsa. Rage yawan gulun, bar aikin a sarari maimakon rufe shi a kwali, wanda ya riga ya fito kuma fenti ko banish zai rufe shi. Idan yatsu suka manne, ruwan ɗumi da sabulu, a murza a hankali, ba a fizga. Ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti, kada a yi ƙoƙarin buɗe fatar idon da ƙarfi.

Saura matsalar da kan zo bayan an ɗauka an gama. An yi fenti, an zo mayar da sarƙa, gam ya narkar da fentin ya yi kumfa, haɗin kuma bai riƙe ba. Dalili shi ne roba ba ta taɓa roba ba. Kankare fentin daga wurin haɗin da bakin wuƙa, ko ka rufe wurin da ɗan salatif tun kafin fenti. Haka nan tina ta fentin mai, wadda ake tsarma kalar tsatsa da ƙura da ita, tana shiga mahaɗai ta raunana su, sai ka ga sarƙar da ta yi kyau jiya ta wargaje gida biyar. Rufe ta da fentin farko sosai, ka sa ruwan kalar kaɗan-kaɗan maimakon yi mata wanka, ko ka koma kalar ruwa da garin kala. Idan ta riga ta tsinke, bar tinar ta bushe kwana guda, kankare bakin biyu, ka haɗa a jikin tankar da ɗigon sufa gulu ta ciki, sannan ka goga bakin fensir a gefen gaɓoɓin da kan ƙahoni don ƙyallin ƙarfe ya ɓatar da wurin gyaran.